Fijon da Baba Ya Bari

Bazara ta sauka Katsina da kayanta,
kwalta har laushi take a hanyar Ƙofar Ƙaura.
Ina cikin Fijon da Baba ya bari,
na murɗa maɓalli har ƙarshe,
fanka na gurnani can ciki kamar tsohon kare,
amma kafofin nan huɗu, ba wadda ta huro mini iska.

Na kai wa Sada mai gyaran esi.
Bai ko leƙa ba, ya gutsiri goro, ya dubi sama:
"Dubu talatin da biyar, ban da kayan aiki."
Albashi kuwa saura kwana goma sha ɗaya.
Na ce sai na dawo, na ja abata gida na faka.

Asabar da hantsi, gindin bedin ƙofar gida,
na aro sukundireba wurin Malam Rabe,
na ajiye murfin kwano don tara kusoshi
kada ƙasa ta haɗiye su.
Shida suka kwance ba gardama, ta bakwai ta ƙi,
wani bakanike ya cinye mata kai tun tuni.
Sai da na ɗiga mata man keken ɗinkin Indo,
na lallaɓa ta kamar mai yi wa jariri aska.

Na kwanta rigingine, ƙafafu a waje,
kaina inda fasinja ke ajiye takalmi,
tocila a baki, gumi na cika ido.
Yara masu wucewa suka ce mota ta haɗiye Malam,
ban tanka ba, bakina da aiki.
Fiyus lafiya lau.
Wayar da ke jan marfin bututu ce ta zame daga ƙugiya,
na mayar da ita da farce.
Matata kuwa ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
ta yaya numfashi zai ratsa haka?

Duk da haka akwai abin da ya toshe can ƙurya,
hannuna ya shiga iya wuya ya tsaya.
Murja, 'yar shekara tara, ta tsuguna:
"Abba, matsa in gwada."
Ta naɗe hannun riga, ta runtse ido, ta saka.

Ɓawon gyaɗa ya fara fitowa,
sai ƙwallon aduwa, sai busasshen ganye,
sai soson kujera da aka yagalgala.
Ashe ɓera ya yi fada a nan,
ba haya, ba kuɗin wuta,
ya mai da bututun sanyi taska.

A ƙarshe ta zaro tarin takarda, an gaigaye gefe.
Na gane rubutun tun kafin in karanta,
karkatacce, irin na mai rubutu bisa sitiyari:
"Mai, lita ashirin, Jibiya."
"Facin taya, Mashi."
Sai wani guntu, rabinsa na cikin ɓera:
"Kuɗin makarantar Mann..."
Ni ne Mannir ɗin.
Shekara uku da binne shi,
yau ga shi yana mini lissafi a gindin bedi.
Na juya wa Murja baya, na ce gumi nake gogewa a fuska.

Na kakkaɓe matata, na mayar da komai,
na yi bisimilla na tayar.
Kafofin suka yi tari, suka tofa mana guntun ganye,
sannan ta zo, siririya, sannan da ƙarfi,
da ɗan ƙamshin turaren da yake sha a hula.
Na juya zuwa hita don gwaji,
Murja ta yi ihu: "Za ka gasa mu!"
Na mayar kan sanyi, ta kwantar da kai ta shaƙa.

Malam Rabe ya zo karɓar sukundireba,
ya zauna gaba, ya ƙi fita har azahar.
A murfin kwano kusa ɗaya ta yi saura,
na duba ko'ina ban ga gidanta ba.
Na naɗe ta cikin takardar Baba,
na sa a aljihu, na ce zauna nan, kin huta da ɗauka.