Minti Goma Sha Ɗaya

Ta zo Farin Gada da safe, ana yayyafi,
da jaka a kafaɗa, da wani ɗan baƙin akwati
da bai fi kwalin ashana biyu ba.
Ta ce sunanta Nanret, daga jami'a, can Naraguta.
Ta ce, Baba Sabi'u, in maƙala maka wannan ƙarƙashin kujera?
Na ce, me yake ci?
Ta ce, ba ya cin komai sai tafiya.

Shekara ashirin da bakwai ina ɗauko dankali daga Bokkos,
kabeji, karas, tumatir in lokacinsa ya yi.
Na san ramukan Barikin Ladi
kamar yadda harshe ya san giɓin haƙori.
Ban taɓa zaton hanya tana da lissafi ba.

Mu arba'in ta saka wa abin.
Wata shida yana kwance yana saurare,
duk burkin da na taka ya rubuta,
duk kwanar da na sha ya riƙe.

Ranar da ta tara mu a rumfar ƙungiya
a kan buhun albasa ta buɗe kwamfuta.
Sai ga Filato duk ta koma zare-zare, ja da kore.
Ta ce na'ura ta koya:
in muka tashi ƙarfe uku maimakon biyar,
muka daina komawa da mota fayau,
kwandon da ke ruɓewa a hanya zai iso kasuwa da ransa.
Ɗan'azumi ya ja tsaki. Ni ma na ja, a ciki.
Amma mun gwada.
Tumatir ya iso da sanyinsa,
dillalai suka juya, suka juya, suka rasa abin kushewa.
Na biya kuɗin makarantar auta tun ba a koro ta ba.

Wata Alhamis ta tsare ni, ni kaɗai.
Ta ce, Baba, akwai abin da ya gagari na'ura.
Kowane mako, bayan Heipang, gefen tsohon tafkin kuza,
motarka tana tsayawa minti goma sha ɗaya.
Babu gidan mai, babu shinge, babu mai shayi.
Ta lissafa shi cikin asara. Ta ce a cire.

Na daɗe ina kallon takalmina.

Na ce, Davou sunansa. Yaron motata ne.
Shekara tara ke nan. Taya ta yi faci,
ya sauka zai sa dutse,
tirela ta fito daga cikin ruwan sama.
Uwarsa tana bayan wancan shingen ƙerana.
Nakan sauke mata mudu biyu na dankali,
ta ce ya hanya, in ce lafiya,
ta yi addu'arta, in ce amin da tawa.
Ba mu taɓa kiran sunansa ba.

Nanret ba ta ce uffan ba.
Ta juya allon wajenta,
yatsunta suka hau tsattsaga kamar kaji a kan tsaba.

Yanzu in na kunna waya cikin dare
muryar takan ce in tashi uku saura minti goma sha ɗaya.
Ban tambaye ta me ta rubuta ba.
Wani yaro da suke aiki tare ne ya raɗa mini
cewa ta sa wurin a layin abubuwan da ba a taɓawa,
tare da gada, da mai,
da iyakar nauyin da mota za ta iya ɗauka.

Da fitila tsohuwar take fitowa yanzu, lulluɓe da bargo.
Makon jiya ta ce, wa ya sauya maka lokaci?
Na ce, wata yarinya ce, ita da wani akwati.
Ta shiga ɗaki ta fito da acca a leda.
Ta ce, kai musu, su raba.

Tana nan a gaban mota, kusa da giya.
Har yanzu ban san yadda za a yi rabon ba.