Gwamnan Cikin Kwamfuta

Ƙarfe biyun dare a Sheffield,
ɗaki ɗaya tal a ƙarƙashin rufi,
ruwa na ƙwanƙwasa taga
kamar mai bin bashin da ya san babu.
Larai ta dawo daga aikin jinyar tsofaffi,
ta kife da safa a ƙafarta.
Ummita, 'yar wata biyar, tana gefen gado.
Saura ni da babi na huɗu,
da kwamfutar fam casa'in
da na saya hannun wani mai gyara a Attercliffe.

Ranar da na kawo ta na wanke mata ciki tas,
na zuba mata Linux,
manhajar da ba ta da uban gida,
wadda kowa ke iya ɗaga murfin tukunyarta
ya ga abin da ke dahuwa.
Ta karɓa. Fankarta ce dai ta ƙi.

Da na ɗora mata lissafi sai ta ɓarke,
fuuuu,
injin markaɗen layinmu na Funtuwa
ranar jajibirin salla.
Dattijon da ke ƙasanmu, Mista Hargreaves,
ya taɓa tare ni a matakala
yana tambaya, cikin ladabin nan nasu mai yanka,
ko gashi nake busarwa da tsakar dare.
Ni da sanƙo ya gama da ni tun a Zariya.

Yau na ce sai an yi ta.
Na buɗe baƙin allo, na tambaye ta zafin jikinta.
Tamanin da tara.
Na bi ta lungu-lungu, fayil bayan fayil,
ashe akwai gwamna a ciki.
Sunansa ke nan, ban ƙara gishiri ba.
Shi ke ce wa ƙwaƙwalwar na'ura ta zuba da gudu
ko ta taka a hankali.
Wanda na tarar a kan kujera
bai san birki ba,
ko wasiƙa zan buɗe sai ya tayar da jiniya.

Layi ɗaya na rubuta, na sa kalmar sirri,
na tsige shi.
Ba majalisa, ba kotu, ba 'yan jagaliya.
Na naɗa mai tsimi,
na rage gudun ya koma kusan rabi.

Tamanin da tara.
Saba'in da shida.
Sittin da ɗaya.
Fanka ta yi ajiyar zuciya,
ta yi tsit.

Rabona da irin shirun nan tun kaka.
Na ji ɗigon famfo a kicin,
na ji dila na kifar da bokitin shara a waje,
har agogon hannun Larai na ji.
Na miƙe ƙafa kamar wanda ya ci zaɓe.

Sai Ummita ta buɗe ido.

Ashe wata biyar kan kukan nan take barci,
shi ne goyonta, shi ne jijjigarta.
Ta dubi rufi, ta nemi abin da aka ɗauke,
ta kwantsama ihun da fanka goma ba su kai ba.

Larai ko juyowa ba ta yi ba.
Ta ce, Bawa, me ka taɓa?
Na ce, gwamna na cire.
Ta ce, mayar da shi.

Na mayar da shi, da hannuna,
har da ba shi lissafin da ya fi nauyi.
Fuuuu.
Yarinya ta lumshe ido.
Na kara yatsuna a bakin iskar mai ɗumi,
don mitar gas saura fam ɗaya da 'yan kai,
kuma babi na huɗu
yana nan inda na bar shi, shafi na tara.