Littafin Ma'aji

Ni ne ma'ajin gunduma, nan Aliero,
ba don na fi kowa lissafi ba,
don dai ina da biro,
kuma ba a taɓa jin na ci kuɗin adashi ba.

Littafin 'yan makaranta ne, mai falle arba'in,
na yage inda ɗiyata ta yi jimla.
Muka yi doka ƙarƙashin dogon yaron ofis:
duk sisin da ya shigo sai an rubuta,
ran Juma'a bayan la'asar a karanta
da ƙarfi, har mai shayi ya ji.
Kuma ba mai ba da fiye da dubu ashirin,
kada mutum guda ya saye mu har da igiya.

Nomau ya kawo rabin buhun albasa,
na rubuta: albasa, rabi.
Kulu mai masa, ɗari biyar da ta sha mai,
har yau tabon na nan a shafi na ukku.
Ige ta ce ba ta da ko anini,
amma ta san kowace ƙofa
daga bakin kasuwa har makabarta,
ta san wadda katinta ke ƙasan adaka,
da wadda mijinta ke cewa bari mu gani.
Na rasa yadda ake rubuta wannan,
sai na sa: Ige, ƙafa biyu.

Saura kwana ukku, cikin dare, mota ta tsaya,
baƙin gilashi, ba ta kashe inji ba.
Yaro ya sauko da jaka, wai saƙo daga Birni:
"Alhaji ya ce a sha ruwa. Ba sai an rubuta ba."
Na ɗaga ta, na ji nauyi.
Rufin ɗakina na yoyo tun bara.
Na tuna. Ba zan ɓoye ba, na tuna.
Na ce, to sunan wa zan karanta ran Juma'a?
Ya yi dariya, ya karɓe abinsa,
motar ta yi kwana, ta tsaya
ƙofar ofishin da ke tsallaken titi.

Asabar tun asuba Buwai ya tada babur,
lita huɗu muka zuba mai, shafi na bakwai.
Ya ɗauko tsoho Maidamma, sanda kwance bisa cinya,
ya koma ya ɗauko Inno, ya koma, ya koma.
Ni ina inuwar firamare, ina kallon layi:
taliya na leƙe daga ƙarƙashin mayafi,
sabulu, magi, sabuwar dubu mai ƙamshin banki.
Ban ga laifin kowa ba. Na san kuɗin tiyar gero.
Kulu da kanta ta karɓa,
ta gifta ni tana gyara ɗaurin zane:
"Cikin rumfa ba mai ganin yatsana."

Da magariba aka ƙidaya gabanmu, da fitilar waya.
Malam Arzika ya faɗi da goma sha tara.
Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.
Buwai ya yi wani zagi da ba zai shiga littafi ba.

Juma'a ta zagayo, na buɗe shafi.
Mutum tara suka zo, da akuyar maƙwabta.
Na karanta duka, shiga da fita:
saura dubu ɗaya da ɗari biyu,
da albasa bakwai da suka fara tsiro.
Nomau ya ce, wancan da ya ci, yanzu zai fara biya,
mu ko ba mai bin mu ko allura.
Ba wanda ya amsa. Rashin bashi ba ya gina rijiya.

Ige ta ce, goma sha tara?
Ai na san gidajensu.
Ta kwance bakin zane, ta miƙo hamsin,
ta ce, buɗe sabon shafi.
Biro ya ƙi.
Na hura mai iska, na goga a tafin hannu,
ya kawo.