Kwanon Hajo

Ranar Talata, saura kwana tara azumi,
iyakwandishan ɗin ɗakina ya yi tari sau biyu,
ya ja numfashi kamar tsohon da ya gaji da gardama,
ya yi shiru.
Wuta kuwa akwai, abin haushin ke nan.
Mako guda muna jiran 'yan Nepa,
ranar da suka tuna da Gesse, ran nan ya zaɓi mutuwa.

Zafin Birnin Kebbi a watan huɗu ba ya sallama.
Katifa ta zama tanda, ni na zama masa,
ina juya kaina babu mai tuya.

Na kira Arzika.
Ya iso bayan la'asar a kan babur,
tukunyar gas ɗaure a baya da igiyar roba,
yaronsa Nomau rungume da jakar sifana.
Su biyu suka zaro shi daga bango suna nishi,
shekara goma sha tara yana zaune a ramin nan.
A cikinsa gidan zanzaro uku,
ƙwan tsaka, busasshen ƙadangare manne da waya,
da marfin biron da jikata ta yi wa kuka tana aji ɗaya.

Arzika ya ɗora mita, ya kasa kunne,
ya taɓa shi da bayan hannu
kamar mai duba zazzaɓin yaro.
"Malam, kwamfuresa ta ƙone.
Wanga ba gas ba ne, in na ce ma gas na ci haram.
Sayi sabo, mai raba biyu,
ko sola na ɗaukar shi."
Na ce a sake naɗa masa waya mana.
Ya ce, "An naɗa sau biyu. Ni na naɗa ta biyun."

Ban gaya masa ba
Hajo ce ta saye shi da kuɗin adashinta
shekarar da hawan jini ya fara hana ni barci.
Ban gaya masa ba
ita ta ajiye tsohon kwanon sha a ƙarƙashinsa ta waje,
ruwan da ya ɗiga ta ba na'ana'arta,
tana cewa a garin nan ko gumin inji ba a zubarwa.
Shekara uku ke nan ni nake juye kwanon.

Fansho ya kawo rabi, ɗana ya cika.
Ranar Asabar suka huda bango a wani wurin,
ƙura ta sauka kan littattafaina.
Mai gwangwan ya rataya tsohon a sikeli,
kilo talatin da takwas,
ya ƙirgo mini abin da bai kai kuɗin ragon suna ba ko kusa,
ya ɗaure shi a kura ya tura.
Birkila ya toshe ramin da bulo huɗu,
har yau wurin ya ƙi jin fenti.

Da na miƙa wa Arzika ladarsa na ce,
kai wane iri ne a ɗakinka?
Ya yi dariya har hula ta goce.
"Tabarma ƙofar gida, Malam.
Iskar fadama, in ta ga dama."

Dare ya yi. Sabon fari fat, ba ya tari, ba ya gunaguni,
sanyi yake saukarwa kamar mai tsoron tashin jinjiri.
Ni kuma barci ya ƙi.
Ashe rurin nan na tsohon nake rufa da shi.

Can wajen ƙarfe biyu na ji wani abu bayan taga.
Ɗis.
Can kuma, ɗis.
Na ɗauki tocila na zagaya.
Nomau ne, yaron da bai ce uffan ba tun zuwansa,
ya ƙara wa bututun ruwan tsawo da guntun tiyo,
ya bi da shi jikin bango, ƙusa uku,
ya saukar da bakinsa daidai kan kwanon.