Suwaitar da Oddva Ta Bari

Oddva ta tafi ta bar suwaita a kan kibiya,
gaba ya kammala, baya ya kai rabi,
hannuwa ko farawa ba a yi ba.
Wata bakwai kwandon yana gindin taga,
ina kewaye shi kamar mai tsoron rijiya da dare.

Shekara arba'in ina ɗinkin koma a tsibirin Nolsoy,
na san ƙullin da teku ba ta kwancewa,
amma wannan siririn zare ya raina ni.

Ranar da iska ta hana jirgin Torshavn zuwa,
Herborg ta ƙetaro, tana dogara sanda,
ta juye kwandon a tebur ba tare da neman izini ba.
"Tummas, ba a saƙa a cikin hargitsi.
Haɗa kibiyoyi biyu-biyu, kowace da 'yar uwarta,
ɗaure su da guntun zare,
masu kauri gefe guda, sirara gefe guda.
Wancan dogon gwangwanin biskit ya ishe su gida.

Takardar jikin ulu, kada ka kuskura ka yar,
lambar rini tana ciki.
Tumaki biyu baƙaƙe, ai baƙinsu ba ɗaya ba ne.
In za ka dunƙule zare, naɗa shi a kan yatsu, sakwa-sakwa.
In ka ɗame shi, zai gaji tun bai fara aiki ba.
Guntaye su shiga kwalba,
ranar faci za ka gode musu.
Abin da za ka adana, wanke shi, ya bushe ƙarau, ka rufe ruf,
asu ba ya shiga sai ya ga ƙofa."

Almakashi, tef da kwarashi ta zuba a tsohuwar jakar tabata.
Ta sa ni saƙa gwaji, faɗin tafin hannu,
na wanke, na shanya, na auna.
Na ce ɓata lokaci ne.
Ta ce, "Wanda ya ƙi auna zurfi, shi ke kwana a kan dutse."

Na koyi kada in tashi a tsakiyar layi
ko da tukunya tana ƙonewa.
Na koyi saka zobe bayan kowane ido ashirin,
zobban ƙugiyar kifi na ɗebo, sun kuwa yi.
Ido ya zame ya gangara layi shida,
na zabura zan jefar da komai,
ta miƙo kwarashi: "Hau da shi, tsani ne.
Mataki ɗaya, sannan ɗaya."

A ƙasan kwandon na tsinci wata takarda,
rubutun Oddva ne, mai karkata kamar ciyawar bakin gaɓa:
ƙirji kaza, hannu kaza,
"a ƙara ido takwas, Tummas ya yi tumbi,
kada a faɗa masa."
Na yi dariya har na kasa ganin zaren.
Herborg ta juya tana kallon taga,
wai tana duba ko iska ta lafa.

Sai da tsuntsayen teku suka dawo kan duwatsu na gama.
A gadon baya akwai layi, ko makaho zai laluba:
ƙasa saƙarta, lallausa, tana numfashi,
sama tawa, a tsuke kamar haƙoran mai jin sanyi.
Herborg ta ce, "Warwarewa ba asara ba ce,
sassauta hannu ka sake."
Wannan kaɗai na ƙi ji.

Da ita nake fita kamun kifi yanzu.
In iskar arewa ta buso,
daidai wurin da hannunta ya tsaya nawa ya ɗauka
nake fara jin ɗumi.
Idon nan takwas kuwa,
gaskiyarta.