Takalman Norbu

Tun ranar da ƙasa ta girgiza a Gorkha
Norbu ke kwana da takalma a ƙafa,
kansa na fuskantar ƙofa.
Cokali ya faɗi, sai a tsinto shi ƙarƙashin gado.

Ubansa ya ce, "Yaro ne, zai manta,"
alhali shi ma idonsa biyu,
yana ƙirga duwatsun bango har asuba.

Ran Asabar mata kan taru a makaranta,
ga shayi mai gishiri, ga alli.
Yara su zana gidajen da suka rushe,
ba mai ce musu kul.
Tsohuwa Yangdol ta janyo uban ta hannun riga:
"Zauna. Miki in an rufe shi, ruɓewa yake."
Ya zauna. Mako uku bai ce uffan ba.

Da aka zo ɗora rufin sabon ɗaki
kafinta Birman ya miƙa wa yaron guduma:
"Buga, ka san abin da ke riƙe da shi."
Ƙusa tara ya kafa, biyu sun karkace.

Jiya uwarsa ta leƙa da fitila.
Takalmi ɗaya na ƙasa.
Ɗayan yana ƙafarsa tukuna.