Allurar Sikelin Belmiro

Ƙarfe biyun dare a Matosinhos,
ƙaurin gasasshen sardin bai bar taga ba.
Ondina na zaune, kofinta ya huce,
tana rigima da wani ɗan akwati a fuskar waya.

Akwatin ba shi da laifi.
An ce masa: in yatsa ya ja ka ya saki, koma mazauninka.
Yana komawa kuwa,
amma ƙam yake tsayawa, kamar an ƙusa shi,
ba numfashi.

Lambobi uku ne a hannunta:
taurin sifirin,
nauyin abin da ya ɗauka,
da birkin da ke shanye rawar.

Ta kai tauri ɗari uku, birki biyar.
Akwatin ya zabura ya wuce gida,
ya dawo, ya kuma wucewa,
yana makyarkyata kamar mai zazzaɓi.
Ta ɗaga birki sittin.
Ya taho yana jan ƙafa,
yaron da aka aika ba da son ransa ba.

Ta ja tsaki, ta murza ido.

Can sai sikelin mahaifinta ya faɗo mata,
Belmiro mai kifi a bakin tashar jiragen ruwa,
hannu duk ɓawo da gishiri.
In ya aza kilo biyu a faranti
allura kan zarce kaɗan, ta waiwayo, ta zauna.
Masu saye ba sa duba lamba
sai ta gama wannan ɗan rusunawa.
Yakan ce, "Allurar da ta tsaya cak ba ta girgiza ba,
an sa mata hannu, 'yata.
Kada ki yarda da ita."

Tauri ɗari da tamanin.
Nauyi ɗaya.
Birki sha tara.

Ta ja, ta saki.
Akwatin ya wuce da faɗin ƙwayar shinkafa,
ya komo, ya natsu.
Ta sake ja. Sau goma sha. Ta daina ƙirga.

Kafin ta rufe kwamfuta ta ƙara layi biyu
saboda masu jiri, waɗanda motsi ke juya wa ciki:
su nasu akwatin ya bayyana kawai, ba tsalle.

Da safe Fausto ya gwada a tsaye, biredi a baki.
"Ya yi daɗin taɓawa yau. Me kika canza?"
Ta ce, "Birki."
Ta tashi ta wanke kofin jiya.